Kawar Teku a Ruwan Famfo

Shekara huɗu na yi a tsaye bayan kanta ina buɗe wa masu kuɗi kawa a Dubai, kuma ko guda ɗaya ban taɓa sa wa a bakina ɗanya ba. A wajenmu, Sarkawan Yawuri masu sana'ar ruwa, ba mai cin ta ɗanya. In ruwan kogin Kwara ya ja baya, babana kan nutsa da guntun ƙarfe ya ɓamɓaro ta daga jikin duwatsu, mata su dafa, su ɓare, su yi banda, ɓawon kuma a ƙona a shafe ɗaki da shi. Ga wanda bai san ta ba, wata halitta ce mai ɓawo biyu a manne kamar an haɗa tafin hannu, naman yana ciki, ba ido ba ƙafa. Abincin talaka ce. Sai a Dubai na ga mutum ya sa kwat ya zauna ana jera masa ita kan ƙanƙara, yana matsa lemun tsami yana lumshe ido.

Karatuna bai wuce firamare ba sai kaɗan. A 2016 aka kawo ni wanke-wanke a wani gidan abinci da ke bakin ruwa, wanda kawa ce babbar sana'arsa. Wata daga Faransa take zuwa a jirgi. Wata kuma ta gida ce, ana kiwon ta a tekun da ke bayan duwatsun Fujaira, a ciro ta da asuba, kafin azahar tana kicin ɗinmu. Da wannan ta gidan suke taƙama.

A satina na biyu aka ce in karɓi kwali biyu na ta gidan in kai ɗakin sanyi. Na buɗe na gan su a bushe, an tula su kamar tsakuwa. Tausayinsu ya kama ni. A gida in kana so kawa ta kwana da rai, baho kake samu ka cika da ruwan kogi. Na nemo baho, na tara a famfo, na juye su ciki, na tafi masauki ina jin na yi abin kirki.

Washegari na tarar duk kicin an zagaye bahon. Fiye da rabi sun wangale baki, alamar sun mutu. Babban mai dafa abincinmu, wani dattijo Ba'indiye da shi ma a bakin teku ya girma, ya ce wa ya yi wannan. Na ce ni ne. Na riga na fara tunanin jakata da hanyar filin jirgi. Sai ya ce in gaya masa dalili. Da guntun Turancina na ba shi labarin babana da bahon ruwan kogi. Mutumin nan ya yi dariya har ya dafa tebur.

Ya ce, "Habibi, taku ta kogi ce, wannan ta teku ce. Gishiri take sha. Ruwan daɗi kashe ta yake yi. Ka kwantar da ita ɓawo mai zurfin a ƙasa, ka rufa jiƙaƙƙen ƙyalle, in ka sa ƙanƙara ka bar wa ruwan hanyar tsiyayewa. Kalas, shi ke nan."

Kunya ta sa na rasa inda zan sa hannuna, sai na ɗauki biyu cikin waɗanda ba su buɗe ba, na ƙwanƙwasa su da juna a gefen kunnena, yadda babana yake yi. Mai rai tana da nauyi, ƙararta kamar ka haɗa dutse da dutse. Wadda ta mutu ƙararta holoƙo ce, kamar fasasshen ƙoƙo. Na ware tulin gida biyu. Dattijon ya bi ya buɗe su ɗaya bayan ɗaya, bai sami kuskure ba. Ya miƙo mini wuƙarsa, gajera mai kauri, ya ce in buɗe ya gani. Kafin wata ya ƙare na bar wajen wanke-wanke, an ba ni farar riga da kanta.

Kantar nan ita ce duk abin da na taɓa samu a ƙasar nan wanda ya yi kama da mutunci. A gaban jama'a take. Mutum zai zauna ya dube ni a ido ya tambaye ni wacce ta fi yau, in gaya masa, ya yarda. Ba na buɗe kawa sai na saurare ta, ko layi ya kai ƙofa. 'Yan kicin ba su daina tsokanata da labarin famfo ba, duk sabon da aka ɗauka sai an ba shi, amma ba wanda ya taɓa dawo da faranti daga hannuna.

A masaukinmu na Warsan mu shida ne a ɗaki. Mai gadon da ke ƙarƙashin nawa mutumin Zuru ne, Kirista, mai gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya fi ni karatu nesa. In na shigo sai ya toshe hanci.

"Ga likitan katantanwa ya dawo. Yau nawa ka duba wa bugun zuciya?"

"Ba katantanwa ba ce, ɗan tudu. Kai da ko kwalekwale ba ka taɓa shiga ba."

"Ni dai ka bar takalmanka a waje, Basarke. Ƙarnin nan har cikin mafarkina."

Sai korona ta zo, aka rufe mu wata da watanni. Da aka buɗe, dattijon bai dawo ba, ya koma ƙasarsu, ya bar mini wuƙarsa. Aka kawo sabon manaja, mai gyararren gemu da turare mai hawa kai. Ranar da ya fara ganina ina ƙwanƙwasa kawa a kunne, ya kira ni gefe ya ce in daina, wai baƙi za su ɗauka tsafi nake yi, kuma ina ɓata lokaci. Na ce to. Na ci gaba da yi a ƙasan kanta, ina sunkuyawa kamar na yar da abu. Mutum mai shekara arba'in da ɗoriya yana ɓuya don ya yi aikinsa daidai.

Burin manajan ɗaya ne. Akwai wata mata da ke zagaya gidajen abinci tana rubuta jerin wuraren da suka fi kowa kawa mai kyau a garin, shi kuma so yake sunanmu ya shiga. Ya sa aka cire tiren ƙarfenmu mai huji, aka kawo wani ƙaton kwano na farin dutse, da fitila a ƙarƙashinsa. Kyau kam yana da shi. Huji ne babu. Sannan ya ɗauko wani dogon mutum mai takardar makarantar girki, mai zane a damtse, ya ce shi zai riƙa tsayawa a kanta ranakun manyan baƙi, ni in koma baya ina wankewa ina miƙowa.

Ranar Laraba aka cika kwanon da kawar gida don a ɗauki hoto. Ranar Alhamis hutuna ne. Da na zo ranar Juma'a da hantsi, ranar da matar za ta zo, na leƙa na ga kawar nan ta Laraba tana nan kwance a ciki. Ƙanƙarar ta narke, an ƙara wata a kai, ta narke, an ƙara. Ruwan daɗi ya sha kansu kwana biyu. Bahona ne sak, sai dai wannan na dutse ne mai fitila.

Na ɗauki biyu na ƙwanƙwasa. Holoƙo. Na ɗauki wasu, haka. Na sami manajan yana gyara furanni a tebur.

Na ce, "Oga, na cikin kwanon nan sun mutu. Ga sabon kwali na yau a ɗakin sanyi, bari in canza."

Bai ko juyo ba. Ya ce na cikin kwanon sun fi girma, shi ya zaɓe su da hannunsa don hoto, kuma suna cikin sanyi, me zai same su?

"Ruwan ne ya kashe su, oga. Ta teku ba ta zama a ruwan daɗi."

Sai ya juyo yana murmushi. "Ba kai ne na famfo ba? An ba ni labarinka. Kai za ka koya mini ruwa? Yalla, koma baya."

Har yau ban manta maganar nan ba. Ni na yi kuskuren, na sha kunyarsa, na koya. Shi ya sa na sani. Shi kuma ya ɗauki abin da ya sa na sani ya toshe mini baki da shi.

Na koma baya. Ta tagar miƙa abinci ina ganin komai. Matar ta zo bayan an sauko daga masallaci, ita da mai ɗaukar hoto. Dogon ya sa safar hannu mai kauri, ya tsamo shida daga kwanon, ya buɗe, ya ɗauraye kowacce, ya jera da ganye da lemo. Sanyi yana ɓoye wari, ba za ta ji komai ba sai cikinta ya gaya mata. Na san abin da mushen kawa ke yi wa mutum, na ga wani ƙanin babana ya kwana uku bai san inda kansa yake ba. Na kuma san bizata a hannun kamfanin nan take, da kantar, da komai.

Aka ajiye mata farantin. Ta ɗauki lemo. Ban san lokacin da na tura ƙofa na fito ba, da rigar leda ta wanke-wanke a jikina. Na ɗauke farantin daga gabanta.

Na ce, "Madam, wannan ta mutu. Ki ba ni minti biyu."

Na shiga ɗakin sanyi na ɗebo na safiyar nan, na zaro wuƙar dattijo daga aljihuna. A gabanta na tsaya. Na ƙwanƙwasa biyu daga kwanon dutse a gefen kunnenta, sannan biyu daga sabon kwali. Ta ce in sake. Na sake. Na buɗe ɗaya, ruwan tekunta na ciki ban zubar ba, na ɗiga lemo a bakin naman, ya motsa ya tsuke. Ta ci sha biyu a zaune. Manajan ya zo yana dariya, ya dafa kafaɗata, ya ce mata haka suke horar da ma'aikatansu. Yatsunsa sun nutse a kafaɗar har sai da na ji zafi.

Bai kore ni ba, don kora tana da surutu. Ranar Lahadi aka ce an mayar da ni babban kicin na kamfanin, can cikin rumbunan ajiya na Investment Park, inda ba taga ba baƙo. Aka ba ni kujerar roba da buhun jatan lande daskararre. In ɓare, in cire zaren baya, in jefa a bokiti, daga safe har yamma. Na nemi ganin wani babba, aka ce in rubuto. Mutumin Zuru ya rubuta mini, shafi guda cif. Ba a amsa ba.

Bayan sati uku, wata Juma'a da la'asar, ina kwance sai mutumin Zuru ya taɓo ƙafata daga ƙasa.

"Basarke, sauko ka gani. Kun shiga jerin."

Ya karanta mini a wayarsa yana fassarawa. Matar ta yabi kawar gida, ta yabi kwanon dutse. Ta ce abin da ya fi burge ta shi ne a gidan nan ana sauraren kowace kawa kafin a buɗe, kuma ba sa jin kunyar ɗauke faranti daga gaban baƙo. Ba ta ce wane ne ya ɗauke ba. A ƙasa ga hoto: dogon nan ne a bayan kantata, ya kara kawa biyu a kunne, ya lumshe ido.

Mutumin Zuru bai yi tsokana ba ranar. Ya ce, "Ko in rubuta mata?"

Na karɓi wayar na buɗa hoton da yatsu. Safar hannun nan mai kauri tana hannunsa. Da ita ko dutse ka haɗa da ƙoƙo ba za ka ji bambanci ba, don rabin jin a yatsu yake. Kawar da ya riƙe ta hagu ma bakinta a ɗan buɗe yake.

Na ce ya bari. Na miƙa masa wayarsa.

Wata bakwai na ƙara a kan kujerar roba, kwantiragi ya ƙare, ban nemi sabuntawa ba, su ma ba su tambaya ba. Wuƙar dattijo ta biyo ni gida a ƙasan jaka, a naɗe cikin safa. Matata tana ɓare kawar kogi da ita in ruwa ya ja baya, tana ƙorafin ta yi gajarta.