Yadda Na Zama Malamin Duba

Shekarar da aka tura ni koyar da lissafi a wata sakandare ta ƙauye, can wajen Bagwai, manhaja ta kawo mu kan darasin yiwuwar aukuwar abu. Littafi ya ce a jefa kwabo sama a ga fuskar da zai faɗi a kai. Yaran kuwa ba su taɓa riƙe kwabo ba. Sai na samo marfin kwalbar lemo, na daddake shi ya baje, muka yi ta jefawa muna ƙirgawa a allo.

Kafin la'asar labari ya zaga gari wai sabon malami yana koya wa yara caca. Wasu suka ce a'a, duba ne. Shugaban makaranta ya saurari bayanina tsaf, ya ce ya gamsu, amma in riƙa rufe taga.

Ana haka sai maƙwabcina, wani dillalin wake a kasuwar Dawanau, ya same ni a gindin darbejiya. Ya fara da tsine wa masu duba, sannan ya sassauta murya. 'Ya'yansa biyar duk mata, ga maiɗakinsa da tsohon ciki.

"Malam, ai a lissafinku yanzu layi ya zo kan namiji ko?"

Na ce masa ciki ba ya tuna na baya. Ko mata goma aka jera, na gaba dai rabi da rabi ne, saura kuma sanin Allah. Ya tashi ransa a ɓace, yana cewa wannan ai ko akuyarsa ta sani.

Ana tsakiyar girbin dawa matar ta sauka. Tagwaye, mace da namiji.

Ranar suna aka zaunar da ni a darduma kusa da liman, dillali yana ta shaida wa jama'a cewa da bakina na ce masa rabi da rabi. Na yi musu har na gaji, aka ce tawali'u ne irin na masana. Da yamma ga cinyar rago har gida.

Daga nan baƙi ba su yanke mini ba: mai jiran sakamakon jarrabawa, wanda aka sace wa jaki, har da wani ɗan takarar kansila. Duk wanda na ce masa ban sani ba, sai ya tafi yana fassara yadda na furta ta. Shi ɗan takarar ya ce ya ga na yi murmushi, ya sayar da bijiminsa ya buga fosta. Da ya sha ƙasa, bai ƙara amsa sallamata ba har na bar garin.