Namadi da Ɗakin Ƙurya

Duk wanda ya taɓa zaman haya a gidan Alhaji Ɗanmaliki da ke bayan kasuwar Tambuwal ya san ƙarar tsintsiyar Namadi. Da an idar da sallar Asuba yake farawa daga zaure, ya share tsakar gida, ya cika randar alwala, sannan ya bi ɗakunan haya shida yana shafa bango da tafin hannu, yana neman gara. Alhaji falken hatsi ne, zamansa ya fi yawa a Kebbe. Gidan dai nasa ne, amma Namadi ne ke riƙe da shi. Hakkin aikinsa ɗaki ɗaya ne kusa da zaure, wanda ba ya biya wa haya, da ɗan hatsi in kaka ta yi.

Ba mutum ne mai fara'a ba, kada a ƙara masa gishiri. Zuba ruwan wanki a gindin bango, ranar ka ji abin da ba ka so. Wani akawu ya taɓa kafa ƙusa zai rataya kwat, Namadi ya zare ta a gabansa ya ce, "Bangon ga ya girme ka, Malam." Amma kowace bazara yana kan tsani da kwaɓaɓɓiyar ƙasa, yana yaɓen soro, yana yashe indararo. Marka takan zo ta wuce ba wanda ya tara ƙwarya a tsakar ɗakinsa.

Bayan samun mulkin kai ma'aikata suka yawaita a garin, malaman makaranta da akawunan En'e, kowa rufin kwano yake tambaya. Alhaji ya jinginar da gidan wurin wani attajirin fata, ya sayo kwano da siminti. Ya kuma yanke magana: duk ɗakin da aka yi wa kwano hayarsa ta tashi, wanda ba zai iya ba ya ba da wuri.

Mutum ɗaya ne ba zai iya ba, Baba Sambo na ɗakin ƙurya. Tsohon masinja ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana kai saƙo a ƙafa tsakanin Tambuwal da Dogon Daji, daga baya ya makance. Ba shi da kowa a garin, igiya yake tufkawa a sayar masa. Ƙafarsa ta san hanyar rijiya da ta masallaci daga ƙofar ɗakin nan, ba ta san wata ba. In ya bar gidan, ba inda za shi.

Namadi bai roƙi kowa ba. Ya dai fara gyaran daga bakin ƙofa, ɗaki bayan ɗaki, har biyar suka sha kwano. Na ƙurya kuwa ya tsaya cik.

Duk zuwan Alhaji sai ya nuna shi da baki. "Namadi, ɗakin ga fa?"

"Bangonai bai ɗaukar kwano bana, Alhaji. Sai ya ƙara shan rani."

Da shekara ta zagayo kuma ya ce azarar lafiyarta lau, asara ce a ɓalle ta. Mu da muke zaune a gidan mun san ba bangon da ya kai wannan ƙarfi, don shi Namadi ya fi yaɓewa. Alhaji ma ya sani. Yakan girgiza kai kawai ya nufi tasha.

A rani na huɗu Alhaji ya zo da kafinta, fuskarsa ba wasa. Ya ce, "Mai jingina ya matsa mini. In ɗakin ga bai fara kawowa awa sauran ba, gidan duka za shi tafi, ku duka ku fita. Mi kaka so in yi?"

Namadi ya ce, "Gaskiya ta, Alhaji. A sa kwano."

A ranar ya kwashe gadon karan Baba Sambo da randarsa da butarsa ya kai nasa ɗakin, ya jera su yadda suke a can. Ya yi makonni yana riƙe hannun tsohon, daga sabuwar ƙofa zuwa rijiya, daga rijiya zuwa masallaci, har ƙafar ta koya. Wata rana Baba Sambo ya tambaye shi, "To kai ina kaka kwana?"

"Zaure ya fi iska, Baba."

Zauren da feshin ruwa ke shiga har tsakiya da damina! Alhaji ya ga tabarma a naɗe a lungu, ya ce, "Ɗakin naka na, yi yadda kaka so." Bai sake tayar da zancen ba, gidan kuma bai tafi ba.

Bana gwiwoyin Namadi sun ƙi tsani, zai koma gonarsa a Jabo. Sai tsohuwar damuwa ta dawo, domin ɗakin na mai kula da gida ne, duk wanda ya gaje shi da ɗakin zai gada. Alhaji ya bar masa zaɓen magaji. Mutum biyu suka zo, suka ji sharaɗi, suka juya. Na ukun Ɗangiwa ne, magini daga Sanyinna. Namadi na riƙe da makullai ya ce masa, "Aikin ga da ɗaki shike a da. Yanzu da zaure shike, muddin Baba na da rai." Ɗangiwa ya fita. Can sai ga shi da tabarma a kafaɗa, ya shimfiɗa ta a zaure. Sannan Namadi ya miƙa masa makullan.

Namadi, kai ne ka riƙe gidan wani kamar naka, ba ka cuci mai gida ba, ba ka kuma bari an jefar da tsoho a titi ba. Kai ne mai faɗa a kan ƙusa guda, ka ba da ɗaki sukutum ba ka ce a gode maka ba. To mun gode, ko ba ka so. Allah Ya ba gwiwoyin nan sauƙi, Ya sa gero ya yi a Jabo. Masu riƙe da gidajen mutane kuma, in za ku gyara ɗaki, ku fara duba wanda ke ciki.

Shekaranjiya Baba Sambo ya ji baƙuwar tsintsiya a tsakar gida, ya kira Ɗangiwa ya tambaye shi inda yake kwana. Ɗangiwa ya ce zaure ya fi iska. Tsohon ya ce, "Haka wancan ma ya ce."