Yadda Muka Kai 'Yata Gaban Kakanta a Ƙofar Rini

Mun tashi da asuba daga Yawuri, ana sallame salla muka nufi tasha, ni da mai ɗakina da 'yarmu mai shekara bakwai. Sakkwato za mu, gidanmu na Ƙofar Rini inda aka haife ni.

Yarinyar nan tana da lalurar da likitoci ke kira otizim. Maganarta kaɗan ce, ba ta kallon mutum ido cikin ido, kuma ƙarar da ni da kai za mu ji mu wuce, ita kamar allura ake soka mata a kunne. Rabonta da Sakkwato tun wani suna da aka yi a gidanmu, aka kunna lasifika, ta yi ta ihu tana buga kai da bango har dangi suka ce iska ce. Sai ga saƙo cewa jikin Baba, mahaifina, ya yi rauni, idonsa ya tafi, kuma kullum yana cigiyar jikar tasa. Masu ba da shawara suka ce in bar ta gida in je ni kaɗai. Na ce da ita za a je, ko da kwana za mu yi a hanya.

Shirin ya ɗauke mu makonni. Na sa an turo mini hotunan ƙofar gida da zaure da fuskar Baba a waya, kowace yamma mu nuna mata, mu ce, "Mota, sai gida, sai Kaka." Uwarta ta haɗa jaka: abin rufe kunne, bargonta mai nauyi, farar shinkafa ba miya, da murafen kwalba da take jerawa in ranta ya ɓaci.

A tasha na biya kuɗin kujerar baya gaba ɗaya, ga shi kuɗin mota ya yi tashin da sai da na sake tambaya ko da jirgi za a kai mu. Direba ya dube mu mu uku a wurin mutum huɗu, ya ce lallai yau ya ɗauko manya. Muna fita gari ya saki kiɗa har gilashi na rawa. Yarinya ta dafe kunnuwa ta fara jijjiga. Na taɓa kafaɗarsa na yi masa bayani a taƙaice. Ya kashe, amma ya ce in barci ya ɗauke shi ni zan amsa tambaya. Haka na zama rediyonsa har Sakkwato. Babu labarin da ban ba shi ba, har na kifin Yawuri da bai taɓa shiga komar masunta ba.

Ƙarshen damina ne, gero ya sunkuyar da kai dama da hagu, fadamu sun yi kore shar da shinkafa. Daga Koko zuwa Jega hanya wani wuri sumul, wani wuri ramuka sai ka riƙe cikinka. A Jega masu talla suka yanyame motar, mai albasa, mai ƙwai, mai ruwan leda, kowa yana ƙwanƙwasa gilashi. Albasar nan ta yi kyau ta yi araha, raina ya biya, amma na ga yarinya ta fara dafe kunnuwa. Na ce wa direba mu wuce. Bayan Tambuwal muka tsaya ƙarƙashin wata bishiyar darbejiya nesa da mutane. Ta sauka, ta jera murafenta a kan saiwa, ta ci shinkafarta. Mu kuma muka sha fura da nono wurin wata Bafulatana da ta taso daga ruga, fura mai yaji da ta tuna mini na kusa gida. Shagari da Boɗinga duk a barci ta wuce su, an lulluɓe ta da bargo cikin wannan zafi, fasinjan gaba yana ta waigowa yana mamaki.

Mun shiga Sakkwato rana tsaka. Garin ya ƙara cika, 'yan kabu-kabu masu babur da masu keke kamar an zazzage su daga buhu, kowa hannunsa a kan hon. Na ƙara wa direba wani abu ya kai mu har ƙofar gida, don kada mu sake canjin abin hawa.

A nan shirina ya rushe. Na riga na roƙa ta waya cewa a tarbe mu shiru, amma wa zai hana matan gidanmu murna? Muna sa ƙafa aka rangaɗa guɗa, ga hayaƙin turaren wuta, ga hannuwa ta ko'ina ana son a ɗauke ta. Yarinya ta ƙwalla ƙara, ta zube ƙasa tana cizon hannunta. Na tsaya a kanta na buɗe hannuwana.

"Don Allah kowa ya ja baya. Kada wanda ya taɓa ta."

Uwarta ta naɗe ta da bargo ta rungume ta tsam, muka kai ta ɗakin can ƙurya, muka rufe taga. Ta daɗe tana shessheƙa kafin numfashinta ya daidaita.

Da na fito, Goggo, ƙanwar Baba wadda ke riƙe da gidan tun rasuwar mahaifiyarmu, tana jirana a tsakar gida.

"Wagga ɗiya ba lahiya ba ta," in ji ta. "Ka bari a kira mai ruƙiyya tun yau. Kun ɓoye ta can Yawuri kuna biye ma likita."

Na durƙusa kamar yadda na saba tun ina yaro. Na ce, "Goggo, addu'a kullum muna yi mata, kuma ina roƙon taki. Amma ba za a danne ta a yi mata tsawa a kunne ba. Kunnenta da hancinta da fatarta sun fi namu ji. Abin da kuka yi don ƙauna, ita zafi ya yi mata."

"Mu da munka rene ka, yau mu za ka koya ma reno?"

Maganar ta soke ni, amma ban tashi daga inda nake ba, ban kuma janye ba. Ta shige ɗaki ta bar ni a durƙushe.

Washegari da hantsi, yara sun tafi makaranta, gida ya yi tsit, muka kai ta zauren Baba. Zaure ne na ƙasa, mai sanyi da ɗan duhu, an shimfiɗa yashi, littattafansa jere a alkuki ko da yake ba ya iya karanta su yanzu. Yana zaune a kan buzu, ya rame ƙwarai. Ya ji motsinmu ya miƙo hannu.

"Ina matar tawa? Ta zo ta ishe ni na tsuhwa?"

Ba ta ko dube shi ba. Ta bi bango ta zauna can nesa tana zuba yashi ta tsakanin yatsunta. Hannun Baba ya tsaya a miƙe a iska. Na ce masa ba ƙi ba ne. In aka kai mata hannu gudu take yi, sai dai a jira ta zo da kanta.

Ya mayar da hannunsa kan gwiwa. Ya ce, "To, mu jira. Mi ni ka yi in ba jira ba?"

Haka muka riƙa yi kullum da hantsi. Shi yana karatunsa da ka, murya ƙasa-ƙasa, ita tana wasa da yashi. Da yamma in gari ya yi sanyi mukan zaga da ita bayan unguwa inda babu ababen hawa, in sayo masa, wato waina, mai zafi wurin wata tsohuwa. Ta Sakkwato har yanzu ba ta da na biyu, kuma ga mamakinmu yarinya ta karɓi guda ta ci, ita da ba ta yarda da baƙon abinci. Kowace safiya wurin zamanta yana ɗan matsowa. Wata rana na ji tana gunguni a maƙogwaro, tana bin hawa da saukar muryarsa daidai.

Ranar da za mu koma, muna cikin sallama, ta tashi ta taka har buzun. Ta juya masa baya, ta zauna, ta jingina da gwiwarsa da dukkan nauyinta. Baba ya tsaya cak da karatu. Na raɗa masa cewa shafa ba ta yi mata daɗi, sai dai ya dafa kafaɗunta da ɗan ƙarfi. Ya dafa. Ba ta motsa ba. Ya yi mata addu'a mai tsawo, hawaye na bin gemunsa, uwarta kuma ta juya tana gyara jakar da ta riga ta gyara.

Kafin mu fita ya sa aka kira matan gida. Ya ce daga yau duk ranar da wannan yarinya za ta zo, ba guɗa, ba turare, kuma ɗakin ƙurya nata ne. Sai da muka kai bakin mota Goggo ta jawo hannun rigata.

"Mi kac ce sunan abin nan? Akwai wata can Unguwar Rogo, ɗanta haka shi ke. Ɗaki suka kulle shi."

Na faɗa mata, na ce ta ba matar lambata, kuma a kai yaron asibiti a duba shi. Ba ta ce na yi gaskiya ba, ni ma ban nema ba.

Mun iso Yawuri bayan la'asar, a gajiye liƙis. Yarinya ta wuce kai tsaye ta kwanta a kan tabarmarta, ta kwana biyu ba ta son ko a yi mata magana, muka ƙyale ta ta huta.

Abin da na koyo a wannan tafiya shi ne, yaro irin nawa zai iya zuwa duk inda 'yan uwansa ke zuwa, in an shirya masa, an rage masa ƙara, an kuma samu wanda zai tsaya a gabansa ko da dangi za su ji haushi. Masu irin wannan yaro, kada ku bar shi a baya. Matar Unguwar Rogo ta kira ni jiya, mun daɗe muna magana. Mu kuma mun sa ranar komawa, tun Baba yana da sauran ƙarfin dafa kafaɗa.