Na Bar Turmina a Tarauni

Ranar da Abban yara ya ce mini zai nemi a mayar da shi wani ƙaramin asibiti a ƙauye, sai na ci gaba da tsince shinkafa. Ma'aikacin jinya ne a asibitin koyarwa, muna haya a Tarauni, ɗaki biyu da tsakar gida da ba ta kai shimfiɗar tabarma uku ba. Ya gaji da hayaƙin 'yan acaɓa da ƙarar janareta, yana son yaran su tashi inda za su taka ƙasa, su san gero tun yana ganye. Ni ma ina so. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne, ban san kowa a can ba, kuma ni mutum ce mai nauyin baki. Ina tsoron in je in zama baƙuwa har in tsufa. A lokacin ne Inna Kande ta faɗo mini a rai.

Inna Kande kakata ce ta wajen uba. Da ita muka tashi a Gyaɗi-Gyaɗi, lokacin da unguwar ke da sauran filaye, ana jin kukan kwaɗi daga kududdufi in damina ta sauka. Shekarar da sojoji suka fara miƙa mulki ga farar hula ina aji uku a firamare. Maza na ƙofar gida sun kewaye rediyo suna musun jam'iyya, mu kuwa bayan sallar isha muna gindin murhu, inda Inna ke barin itace ɗaya yana ci don ta ɗumama ƙafafunta. Takan tura gyaɗa cikin toka, ta hana kowa taɓawa sai ta gama.

"Ku matso," takan ce, "ga wata nan tafe, ba ta da ƙafa amma ta riga ku zama."

A cikin tatsuniyoyinta akwai ta wata mata 'yar birni mai suna Tasalla, wadda ta koma ƙauye da mijinta. A garin, kowace safiya mata kan ɗauki kasko su shiga gidan da aka riga hura wuta, su ɗebo garwashi. A nan ake gaisawa, a nan ake jin wa ya kwana lafiya, wa bai kwana ba. Ita Tasalla ta zo da ƙyastunta daga birni, ta ƙyasta ta hura abinta. Ba ta da rowa ko kaɗan, duk wadda ta shigo sai ta cika mata kasko, har ta ɗora mata daddawa. Amma ita ba ta taɓa shiga gidan kowa neman komai ba. A hankali matan suka fara jin nauyinta, suka riƙa wuce ƙofarta. Da zazzaɓi ya kayar da ita, mijinta ya tafi fatauci, kwana uku hayaƙi bai tashi a gidan ba, ba wanda ya lura. Sai da kazar wata tsohuwa ta ɓata, tsohuwar ta biyo sawunta, ta tarar da Tasalla kwance ko ruwa ba ta iya ɗauka. Da ta warke, ta jefa ƙyastun a rijiya.

Na tuna na ce, "Inna, to mene ne laifinta? Ai tana bayarwa."

"Ji mini 'yar boko da tambaya," in ji ta, tana tone gyaɗar da tsinke. "Bayarwa ai daɗi gare ta, ƙawata, kowa na so. Ki je ki tsaya a ƙofar mutum da kasko ba komai a ciki, shi ne aiki. To, nan ta tsaya. Wanda ya ga ƙarya a ciki ya ajiye mini, da safe zan karɓa."

A lokacin na ɗauka maganar girman kai ake yi, na kuwa san ni ba ni da shi, sai na ci gyaɗata na manta. Sai bayan shekara ashirin, sojoji sun sake komawa bariki, Inna ta daɗe da rasuwa, Allah Ya jiƙanta, na zauna na dubi kaina. Shekara bakwai a Tarauni ban taɓa aron ko gishiri ba. In abu ya ƙare mini, gara in haƙura har Abban yara ya dawo. Ina aika wa maƙwabta abincin salla, ina zuwa barka da ta'aziyya, amma ba wadda ta san cikin ɗakina. Ashe Tasalla ba girman kai ne da ita ba. Kunya ce irin tawa.

Na yi istihara, zuciyata ta kwanta, na ce masa mu tafi. Ranar tashi, ana loda kaya, Yaya Rabi, babbar yayata, ta zo har gida tana faɗa.

"Binta, mutane na tururuwa su shigo Kano, ku kuna ficewa? Ke da ko maƙwabciya ba kya iya yi wa sallama, wa za ki sani a daji?"

"Zan san su, Yaya. Ga turmina nan da taɓarya, na bar miki."

"Da me za ki yi daka?"

"Da na mutane."

Ta juya ta ce wa direban motar kaya ya sauke turmin.

Garin yana can gaba da Rano. Washegarin saukarmu na zuba barkono da citta a ƙwarya, na sa mayafi, na tsaya a ƙofar gidan da ke jikin namu. Sau biyu ina juyawa kafin sallama ta fito. Matar gidan, wata dattijuwa da ake kira Gwaggo Mairo, ta leƙo ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Matar likita ce? Kin zo da gado da kujeru mota guda, turmi ne ya gagare ki?"

Na ce, "Shi ne ya gagare ni, Gwaggo."

Ta yi dariya ta jawo mini nata. Ban yi bugu goma ba ta karɓe taɓaryar, wai in na ci gaba a haka sai na fasa mata turmi. Tana daka tana tambayata sunayen yara, tana faɗa mini rijiyar da ruwanta ya fi daɗi da ranar da kasuwa ke ci. Kashegari na koma. Rana ta huɗu ita ta shigo, wai a ara mata rariya.

Wata na biyar da zuwanmu, Abban yara ya tafi Kano kwas na mako guda, yara na makaranta, zazzaɓi ya rufe ni ina da ƙaramin ciki. Ban iya ko tashi in rufe ƙofa ba. Hantsi bai gama ɗagawa ba na ji takun Gwaggo Mairo a tsakar gida.

"Binta? Na ga rana ta yi ba ki zo kin dame ni ba, na ce ba lafiya ba."

Ita ta dama mini kunu, ita ta aika aka kira abokin aikin Abban yara, ta kwashe yaran zuwa gidanta har na miƙe.

Yanzu in na tuna Inna Kande, ina ganin ta san ni tun kafin in san kaina, shi ya sa ta fi maimaita wannan tatsuniyar in ina kusa. An koya mana alheri shi ne ka bayar, gaskiya ne kuwa. Amma barin mutum ya yi maka alheri shi ma alheri ne, kuma shi ya fi mini wuya. Yaran da muka zo da su sun girma, 'yar da nake ɗauke da cikinta a lokacin ta yi aure a garin. Duk ranar kasuwa Abban yara kan tsaya wajen masassaƙa, ya dawo ya ce ya ga wani turmi mai kyau na kirya. Ni kuma in ce masa ya bar musu kayansu.