Warin da ke saman kabad

Abin da na fara lura da shi ranar da muka tare a sabon gidanmu na bene a unguwar Cheras, a ƙasar da Abba ya je karatu, shi ne babu tukunyar gas a kicin. Na buɗe ƙofar da ke ƙarƙashin murhu, inda ya kamata a ce tana zaune, na tarar da wurin wayam, sai wani tsohon soso da waɗanda suka tashi suka manta. Ashe gas ɗin gidan ta bututu yake zuwa. Siririn bututu ne ruwan ɗorawa, ya fito daga rufi, ya bi ta saman kabad, ya gangaro jikin bango har murhu, da ɗan jan hannu da ake murɗawa a buɗe gas ko a rufe.

Umma ta daɗe tana kallonsa.

"To wannan ta yaya mutum zai san ya kusa ƙarewa?"

"Ba ya ƙarewa, Hajiya," in ji Abba.

"Ni dai abin da ba zan ɗaga in ji nauyinsa ba, ban yarda da shi ba."

Tun muna Kano Umma ta saba da tukunya. Takan girgiza ta ta faɗi kwanakin da suka rage mata. In an kawo sabuwa kuma sai ta durƙusa ta shinshina bakinta kafin ta bari a kunna wuta.

Lokacin kullen korona ne. Abba ya mamaye falo da littattafansa yana rubutun digirinsa na uku, ni kuma makarantata ta koma cikin kwamfuta, sai na mayar da kusurwar kicin ajina. Ba mu daɗe da tarewa ba cutar ta kwantar da mu duka ukun, Allah ya sa da sauƙi. Muka warke, amma Umma ba ta ƙara jin ƙanshi ko warin komai ba.

Ni na gano. Wata rana shinkafa tana ƙonewa a gefenta, ita kuwa tana yanka albasa hankalinta kwance. Na tashi na kashe murhun. Ta dubi tukunyar, ta dube ni, ta leƙa falo.

"Kada ki gaya wa Abbanki. Abin da ke kansa ya ishe shi. Hancin zai dawo, in sha Allahu."

Daga ranar na zama hancinta. Takan miƙo mini madara ko ragowar miya, in shinshina in gyaɗa kai. Abu ɗaya ne ba ta tambayata a kansa, turaren wuta. Kullum bayan magariba sai ta ɗora gawayi a kan murhu ya kama, ta juye a kasko, ta zuba turare ta zagaya gida da shi, kamar yadda mahaifiyarta take yi. Da can ɗan kaɗan take tsinkowa da yatsu biyu. Yanzu da ba ta ji, sai ta zuba ta ƙara, ta sake ƙarawa. Labule ya sha, kujeru suka sha, har littafin lissafina ƙanshin sandal yake yi.

Warin kuwa a sama na same shi. Na hau kujera zan sauko da garin masara daga saman kabad, sai wani abu ya bugi hancina, kamar ƙwai ya fara lalacewa, amma siriri ƙwarai. Na sauko, babu shi. Na sake hawa, ga shi nan. Na yi ta hawa da sauka ina mamakin warin da ya san inda yake tsayawa.

Da na gaya wa Umma, sai ta durƙusa ta leƙa ƙarƙashin murhu, kamar yadda take yi wa tukunyar gas a Kano, ta ce ni ma in duba. Babu komai a wurin. Ta ce wataƙila ƙadangare ne ya mutu a bayan kabad.

Kwana da kwanaki ina juya maganar kafin in iya kai ta gaban Abba, don ni ba mai magana ba ce, ko a aji nakan rufe makirufona har a tashi. Muna cin tuwo na ce ina jin warin gas. Ya tashi ya shiga kicin, ya ja numfashi, ya fito yana atishawa.

"Ni turare kawai nake ji. Hajiya, kin ji wani abu?"

"Ban ji komai ba," in ji Umma, idonta a kan kwano.

"To shi ke nan. Matar da take jin ƙaurin girkin maƙwabta tun daga lif ɗin hawa bene? In hancin Ummanki bai ji ba, babu shi."

Na kalli Umma. Ba ta kalle ni ba. Amma a daren ba ta hura gawayi ba, kuma da safe na ji tana ce masa ya kira ofishin masu kula da ginin su turo mai duba gas, don hankalin yarinyar nan ya kwanta.

Mutumin da suka turo dattijo ne ɗan ƙasar, gajere, da takunkumi biyu a fuska. Ya cire takalmi a bakin ƙofa, ya yi sallama, ya shigo da jakarsa. Yana shiga kicin ya ɗan zame takunkumin ya ja iska, sai ya yi dariya ya ce da Turanci gidanmu kamar masallaci ranar Juma'a, ko kifi ne ya ruɓe a nan ba wanda zai sani.

"Wa ya ji warin?"

Abba ya nuna ni. Na so in shige bayan firji.

"A ina, adik?" Haka suke kiran ƙaramar yarinya, wato ƙanwa.

Na nuna sama. Ya gyaɗa kai, ya ce gas ɗin tukunya nauyi gare shi, ƙasa yake kwanciya, amma na bututun nan ya fi iska sauƙi, sama yake tashi. Umma tana bakin ƙofa cikin hijabinta, na ga ta ɗaga kai tana bin bututun da ido.

Na ɗauka zai fito da wata babbar na'ura mai ƙara. Sai ya zaro wani siririn tiyo da ake ganin cikinsa, an lanƙwasa shi biyu a jikin katako mai zanen awo kamar rula, da jan ruwa a ciki. Ya kashe murhu, ya fita ya rufe gas daga wajen mita, ya dawo ya haɗa bakin tiyon da bututunmu. Ya matsa wata 'yar roba mai kamar ta awon jini. Ruwan ya sauka a ɓari ɗaya, ya hau a ɗaya ɓarin, ya tsaya yana rawa. Ya manna ɗan salatif daidai inda ya tsaya.

"Yanzu an kulle iska a cikin bututun. In babu ƙofar fita, ruwan nan ba zai motsa ba. Idona ya tsufa, adik. Za ki kalla mini? Boleh?"

"Boleh," na ce, wato zan iya, da muryar da ni kaina da ƙyar na ji.

Na tsuguna. Shi da Abba suka shiga hirar kulle da tsadar kaza a kasuwar Chow Kit. Da farko ban ga komai ba, har na fara addu'ar kada in zama na tara mutane a banza. Sai na ji kunyar addu'ar. Can na ga wani ɗan fari ya buɗe tsakanin salatif da kan ruwan, bai kai kaurin farce ba. Na ƙifta ido. Ya ƙara faɗi. Ruwan ba a ganin tafiyarsa, sai dai in ka ɗauke ido ka dawo ka tarar ya bar inda yake.

"Yana sauka," na ce.

Ya leƙo. "Yana sauka lah," in ji shi, da 'yar kalmarsu ta ƙarfafa magana.

Ya nemi ruwan sabulu. Umma ta kaɗa masa na wanke-wanke a kofi. Ya hau kujerata da ɗan buroshi yana shafa wa kowace mahaɗa. Biyun farko shiru. A wadda ke lungun saman kabad, inda bututun ya karya kwana, kumfa ta fara kumbura a hankali, ƙwaya ɗaya ta girma ta fashe, wata ta biyo ta. Ya ce in hau in gani. Ban taɓa ganin abin tsoro mai kyan gani haka ba.

Ya kwance mahaɗar, ya naɗa mata wani farin zare, ya ɗaure, ya sake gwajin. Wannan karon ruwan ya tsaya cak har na gaji da tsugunno.

Yana haɗa kayansa ya ce mana gas shi kansa ba shi da wari, da gangan ake zuba masa wannan ɗoyin don mutane su farga. Ya juya wajen Umma.

"Madam, ke ce a kicin kullum. Da kin ji, ki rufe jan hannun nan, ki buɗe taga, kada ki taɓa makunnin lantarki. Turaren kuma a rage kaɗan."

Umma ta gyaɗa kai.

"Kada ka damu," in ji Abba yana dariya. "Yau ne kawai 'yar ta riga uwar."

Suka fita tare, Abba zai raka shi wajen maigadi. Umma ta ɗauki tsumma ta hau kujerar tana goge kumfar da ta zubo a jikin kabad. Ta kai fuskarta kusa da mahaɗar ta ja numfashi, ta sake ja, sannan ta ci gaba da goga.

A makon ne aka sanar za a buɗe makarantu, Abba ma zai koma jami'a. Daga safe har la'asar ita kaɗai za ta rage a gidan, da murhu. Na riƙe mata kujerar da hannu biyu, ina kallon ƙafafunta don ba zan iya kallon fuskarta ba.

"Umma."

"Na'am."

"Don Allah in Abba ya hawo ki gaya masa maganar hancinki."