Antan Ɗin da Muka Kai wa Inna

Mun bar Damagaram ana idar da sallar asuba, ni da wani abokina mai gyaran tele, da antan, wato eriyar tele, da dogon bututun ƙarfe ɗaure a saman mota. Ƙauyenmu na bayan Dungas muka nufa. Autarmu tana karanta labarai da Hausa a tele, can Yamai, ta daɗe ba ta zo gida ba. Tun da aka koma sabon tsari na dikoda, ƙaramar antan ɗin ɗaki ta daina kamawa. Inna sai dai ta ji a bakin mutane cewa sun ga 'yarta.

A Bande muka sha fura da nono mai kauri. Kaka ce, dammunan gero jibge a gonaki, wake ya yi araha. Daga Dungas sai baburan kabu-kabu, cikin rairayi. Abokina ya rungume antan, ni na saɓa bututu, duk amalanken da muka haɗu da shi sai ya ratse mana kamar masu sarauta.

Da hantsi muka kafa bututun jikin soro, muka ɗaure shi da waya, muka sa antan ta fuskanci Magarya. Ina sama ina juyawa, abokina yana ɗaki gaban tele.

"Yi yamma kaɗan. Ka zarce, dawo."

Hoto ya zo yana kakkaryewa, ya ɗauke, ya sake zuwa. Inna tana bakin ƙofa, ta ce, "In ba ta yi ba ka sauko, kada ka faɗo mini."

Sai da muka ƙara wa bututun tsawo sannan hoton ya tsaya garau.

Lokacin labarai ya yi, Auta ta bayyana da farin gyale, ta yi sallama. Inna ta amsa mata da ƙarfi. Ta matso da tabarma dab da tele, ba ta saurari labari ko ɗaya ba. Da aka gama ta dube ni.

"Ta rame. Ka ce mata ta riƙa cin abinci."

Washegari muka kamo hanya. Ina isa gida na kira Auta na ba ta saƙon. Ta yi dariya. Na tafi da zaton antan za ta rage wa Inna kewa. Yanzu kullum tana ganin 'yarta, 'yar kuwa ba ta ganin ta.