Gonar da Ke Neman Malam Rabe

Duk unguwarmu a Bakori, Awaisu ɗan Malam Rabe kaɗai ya iya rubuta manhaja. Da tsohuwar kwamfutar da ya sayo a Funtua ya koya wa kansa. Sa'o'insa sun watse Kaduna da Abuja, shi ya zauna jinyar mahaifinsa har Allah ya karɓi abinsa bayan girbi. In ya ɗauko zancen aikinsa a majalisa, sai a ce "Allah ya taimaka" a koma kan masara. Har ya daina.

Ni ne sakataren ƙungiyar manoma, ni na lallaɓa shi ya yi mana manhajar fitar da sunayen masu karɓar iri. Bara lafiya lau. Bana, saura kwana uku rabo, da ta kai gona ta tamanin da bakwai sai ta mutu ɗif. Shugaba ya ce in ba takarda ranar Laraba a koma littafi, a manta da Awaisu. Wallahi na tausaya masa, don aikin nan kaɗai ke fito da shi cikin mutane.

Kwana biyu yana zauren babansa, ba wanda zai tambaya. Da azahar na kai masa fura, na tarar yana bin rubutun layi-layi da yatsa.

"Baba Maitama," ya ce, "kowace gona a nan tana riƙe da adireshin inda aka ajiye sunan mai ita. Wannan tana zuwa ta tarar ba kowa, sai komai ya rushe. Ka goge wani ne?"

Al'adarmu ce, ranar addu'ar arba'in a ja layi kan sunan mamaci. A littafi sunan na nan ƙarƙashin layin, ana karantawa. A na'ura kuwa da na zo yin haka, ina dannawa sunan ya tafi ɗungurungum. Kai, tsufa bai yi ba!

"Malam Rabe ne," na ce.

Ba a raba gado ba, to sunan wa za a sa? Sau uku Awaisu yana kiran yayansa Kamalu, bai ɗaga ba. Sai ya jawo kwamfutar ya rubuta sunan kansa. Takarda ta fito tsaf.

Ya daɗe yana kallon layin. "Ashe ni da gonar nan ne kaɗai muke nemansa," ya ce.